Hazaƙa da Azurfa a Ƙofar Zauren Jarrabawa: Sharhi a kan Littafin Wu Jingzi

A cikin 1958 wani masanin zaman jama'a na Ingila mai suna Michael Young ya buga littafin zambo wanda ya yayata wata kalmar Turanci da za a iya fassarawa da mulkin cancanta, watau tsarin da a ke raba muƙamai bisa ga abin da mutum ya ci a jarrabawa, ba a dubi gidan da aka haife shi ba. Young hasashe ya yi, domin ƙasar da ya siffanta ƙagaggiya ce. Amma shekara 200 kafin wannan, wani marubucin ƙasar Sin ya riga ya rubuta nasa zambon a kan irin wannan tsari, shi kuwa a cikinsa aka haife shi, a cikinsa kuma ya mutu matalauci. Sunansa Wu Jingzi, an haife shi 1701, ya rasu 1754 a birnin Yangzhou. Sunan littafinsa Rulin Waishi, watau tarihin bayan fage na kurmin malamai. Ya gama shi wajen 1750, bugu mafi daɗewa da ya rage a hannun mutane na 1803 ne, mai babi 56, sa'an nan Yang Hsien-yi da matarsa Gladys Yang suka juya shi da Turanci cikin 1957. Marubucin ya ɗora labarinsa a zamanin daular Ming, wadda ta faɗi 1644, amma kowa ya san mutanen zamaninsa na daular Qing ya ke yi wa habaici.

Kafin a shiga cikin littafin, wajibi ne a san yadda jarrabawar ta ke. An fara ta a zamanin daular Sui, wajen farkon ƙarni na 7, ba a kuwa soke ta ba sai 1905. A zamanin da a ke magana hawa uku ne. Na farko a gunduma a ke fara shi, babban jami'in ilmi na lardi ya kammala, wanda ya ci a kira shi xiucai. Na biyu a babban birnin lardi a ke yinsa sau ɗaya cikin shekara 3, wanda ya ci a kira shi juren, galibi kuwa cikin mutum 100 da suka zauna ɗaya ko biyu ke ci. Na uku a fadar sarki, wanda ya ci shi ne jinshi, daga cikinsu a ke zaɓen manyan ma'aikata. Abin da a ke tambaya shi ne insha'i a kan wata jimla daga littattafan Kwanfushiyas, a bisa wani tsari tsattsaura da a ke kira insha'i mai ƙafa takwas. Domin a toshe hanyar son kai, tun zamanin daular Song a kan liƙe sunan mai jarrabawa a manyan hawa, magatakarda su kwafe amsarsa da wani hannu, don kada mai dubawa ya gane rubutun ɗan abokinsa. A takarda dai babu tsarin da ya fi wannan adalci a duniyar wancan zamani, ko da ya ke an hana mata shiga, haka kuma 'ya'yan masu wasu sana'o'i da aka raina, kamar 'yan wasa.

Yawancin masu sharhi sun ɗauki littafin a kan cewa jarrabawa wawaye ta ke ɗaukakawa, ta yar da masu basira. Akwai gaskiya cikin wannan, amma wanda ya bi babi na 2 da na 3 a tsanake zai ga abin da Wu Jingzi ya nuna ya fi haka zurfi, ya kuma fi haka ciwo. Ya nuna cewa azurfa ba ta cika sayen cin jarrabawa kai tsaye ba. Abin da ta ke saye shi ne izinin zama, da kuɗin guzuri, da shekarun da mutum zai yi yana faɗuwa yana komawa ba tare da yunwa ta kore shi ba.

Mutum na farko da ya nuna haka shi ne Zhou Jin, dattijo mai shekara 60 da 'yan kai, wanda bai taɓa cin ko hawan farko ba. An ɗauke shi malamin makarantar wani ƙauye a lardin Shandong, albashinsa liyang 12 na azurfa a shekara (liyang awo ne na kimanin giram 37). Al'adar malaman lokacin ita ce wanda ya ci hawan farko a kira shi babban aboki ko da yaro ne, wanda bai ci ba a kira shi ƙaramin aboki ko da ya yi furfura. Saboda haka a walimar maraba da shi, wani saurayi mai suna Mei Jiu, wanda bai daɗe da ci ba, ya yi ta yi masa ba'a a gaban dattawan gari. Wata rana kuma ruwan sama ya koro wani juren cikin makarantar, barorinsa suka jera masa kaji da kifi ya ci shi kaɗai, Zhou Jin yana gefe da ganyen kabeji da ruwan zafi, da gari ya waye baƙon ya tafi, dattijon ya kwashe safiya yana sharar ƙasusuwa. Marubucin bai ƙara ko kalma ɗaya ta tausayi ba, ya bar tsintsiyar a hannun malamin ya wuce. Wannan kamewa ita ce babbar gwanintarsa, ita ce kuma abin da Lu Xun ya yaba masa a cikin tarihin ƙagaggun labaran Sin da ya wallafa a 1923 da 1924.

Da aka sallame shi daga makarantar, mijin 'yar'uwarsa ya tafi da shi babban birnin lardi don ya riƙa rubuta wa wasu fatake lissafi. A can ya roƙa a kai shi ya ga zauren jarrabawa, wanda bai taɓa samun izinin shiga ba. Da ya ga katakon da a ke rubutu a kai cikin ɗan akurkin farko, sai ya gwara kansa da shi ya suma. Da aka farfaɗo da shi ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yana kuka, har ya yi aman jini. Fatake huɗu suka ji tausayinsa, suka haɗa liyang 200 suka saya masa sunan ɗalibin kwalejin sarki. Wannan ba cin hanci ba ne, ciniki ne halattacce a dokar ƙasa, wanda gwamnatin Ming ta fara a tsakiyar ƙarni na 15 sa'ad da baitulmali ya buƙaci hatsi da dawaki, kuma wanda ya sayi sunan yana da ikon tsallake hawan farko ya zauna na biyu. Zhou Jin ya zauna ya ci, ya je fada ya sake ci, ba a daɗe ba aka naɗa shi babban jami'in ilmi na lardin Guangdong.

Ya kamata a tsaya a yi lissafin nan, domin marubucin da gangan ya ba da adadin biyu. Liyang 200 albashin Zhou Jin ne na shekara 16 da wata 8, in da zai tara shi duka bai ci bai sha ba. Ilmin da ya shiga zaure da shi ranar da ya ci, shi ne ilmin da ya ke da shi ranar da ya share ƙasusuwa, babu abin da ya ƙaru sai kuɗin fatake. In an ce yana da hazaƙa, to, hawan farko ya yi shekara 40 bai gan ta ba. In kuwa an ce ba shi da ita, to, hawa na biyu da na uku, masu liƙe suna da kwafe amsa, sun ɗaukaka wanda bai isa ba. Kowanne aka ɗauka jarrabawar ce ke da laifi, kuma marubucin bai zaɓar wa mai karatu ba. Daga baya, a babi na 7, Mei Jiu ɗin nan mai ba'a ya koma yana da'awar shi almajirin Zhou Jin ne, har ya sa a ɓamɓaro tsohon rubutun dattijon daga bangon makarantar a adana.

Labarin Fan Jin, wanda ya fi kowane sashe na littafin suna a ƙasar Sin, daga nan ya tsiro. Zhou Jin yana zaune bisa kujerar mai jarrabawa a Guangdong cikin hunturu, sai ya ga wani tsoho sanye da yagaggiyar riga yana makyarkyata. Ya tambaye shi, ya ce a takarda shekararsa 30, amma a gaskiya 54, ya fara zama tun yana da 20, ya zauna fiye da sau 20. Zhou Jin ya karanta amsarsa sau ɗaya, ya ga shirme ne. Da ya ke babu wanda ya miƙo tasa tukuna, ya tuna da wahalar kansa, ya sake karantawa, ya ga kamar da ɗan abu a ciki. A karo na uku sai ya ga ai babu irinta a duniya, nan take ya sa masa lamba ta 1, alhali sauran mutane ba su gama rubutu ba. Malaman kwalejojin horon malamai, waɗanda duba takardu ya zama musu aikin kowace shekara, ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan wuri. Sun san takarda nawa a ke karantawa sau uku, sun kuma san me ke sa a koma wa wata a bar wata.

Abin lura shi ne ba a nuna wa mai karatu ko layi ɗaya na insha'in Fan Jin ba. Mai yiwuwa ne tausayi ya rufe wa Zhou Jin ido, mai yiwuwa ne kuma tausayin ne ya buɗe masa shi. Marubucin ya ƙara dagula al'amarin, domin Fan Jin ya je hawa na biyu, inda babu mai ganin yagaggiyar rigarsa, ya zo na 7. Amma a babi na 7 an nuna shi bayan ya zama babban jami'in ilmi, wani ya ba da labarin raha a kan mai jarrabawar da ya nemi sunan Su Shi cikin ɗalibai, Fan Jin bai gane abin dariya ba, domin bai san Su Shi ba, mawaƙin da ya rasu tun 1101 wanda duk mai ilmi a Sin ya san shi. Ashe abin da jarrabawar ke aunawa gaskiya ne, akwai shi, Fan Jin kuwa ya mallake shi, sai dai abu ne siriri ƙwarai: gwaninta a insha'i mai ƙafa takwas, wadda mutum zai iya ƙwarewa a kanta ya kasance jahilin kome da ke bayanta.

Ta wajen kuɗi kuwa, saura kaɗan tafiyarsa ta biyu ta fasa. Surukinsa, mahauci Hu, ya hana shi guzuri, ya tofa masa yawu, ya ce masa masu cin wannan hawa taurari ne daga sama, ba irinsa ba. Fan Jin ya tafi a ɓoye da taimakon abokan karatu, ya komo ya tarar iyalinsa sun kwana uku ba su ci ba. Ranar da masu albishir suka iso yana kasuwa riƙe da kaza, yana neman mai saye don ya auno shinkafa. Da ya ga takardar sai ya haukace, ya faɗa tabo, sai da aka lallashi mahaucin ya sha giya ya mare shi kafin hankalinsa ya komo. A hanyar gida surukin nan ya bi bayansa yana ta miƙe masa ƙudundunen riga. Kafin rana ta faɗi wani attajirin juren, wanda bai taɓa taka ƙofarsa ba, ya kawo masa liyang 50 da gida. Cikin wata biyu ko uku an ba shi gonaki da kantuna, mutane sun kawo kansu su zama barorinsa. Marubucin bai faɗi dalili ba, domin masu karatunsa sun sani: an ɗauke wa mai wannan daraja aikin tilas da wani sashe na haraji, saboda haka mai gona ya kan rubuta gonarsa da sunan juren don ya fake a inuwarsa. Ta haka takardar shaida ke komawa dukiya, dukiyar kuma ta saya wa 'ya'ya shekarun karatu. Uwar Fan Jin, da aka gaya mata kwanukan da ta ke kaffa-kaffa da su nata ne, ta yi dariya ta faɗi, ba ta daɗe ba ta mutu.

Masana tarihi sun yi doguwar gardama a kan wannan batu, kuma littafin yana da abin cewa a cikinta. A 1947 E. A. Kracke ya bincika jerin sunayen waɗanda suka ci hawa na uku a 1148 da 1256, ya ga fiye da rabinsu ba su da ma'aikacin gwamnati a uba ko kaka ko kakan uba. A 1962 Ho Ping-ti ya yi irin wannan bincike a kan daulolin Ming da Qing, ya sami kusan rabi a zamanin Ming, adadin ya ragu a zamanin Qing. Daga baya Robert Hymes, a 1986, ya nuna cewa in an ƙidaya baffanni da kawunnai da surukai, yawancin waɗanda a ke kira sababbin shiga 'ya'yan manyan gidaje ne, sa'an nan Benjamin Elman a 2000 ya ƙarfafa cewa harshen littattafan kansa shinge ne, domin ya bambanta da wanda a ke magana da shi a gida. Miyazaki Ichisada na Japan ya ƙidaya abin da yaro zai haddace ya tarar ya haura kalma 400,000, watau shekara 6 in yana ɗaukar 200 kowace rana. Wanda ya san yawan shekarun da hadda ke ci a makarantar allo zai gane cewa gidan da zai iya sakin yaro daga gona tsawon wannan lokaci, ya kuma ciyar da malaminsa, ba gidan talaka tilis ba ne. Zhou Jin da Fan Jin, in da mutanen gaske ne, da sun shiga lissafin Ho a cikin sababbin shiga, su zama hujjar cewa ƙofa a buɗe ta ke. Abin da lissafi ba ya iya nunawa, littafin ya nuna: kowannensu sai da wani ya ɗauke shi ya tsallakar da shi, bayan shekara 30 ko 40 ta lalace.

Kuang Chaoren ya nuna ɗaya fuskar cinikin. Saurayi ne mai kaifin basira, mai biyayya ga iyaye, yana yanka alade da yin awara da rana, yana jinyar ubansa, yana karatu har tsakar dare. Shi ma sai da wani malami ya ba shi guzuri, wani hakimi kuma ya ji muryarsa cikin dare ya tsaya masa, kafin ya ci hawan farko. Da ya shiga birnin Hangzhou ya faɗa hannun wani dillalin maguɗi, ya shiga zaure da sunan ɗan wani mai kuɗi wanda bai iya kome ba, ya ci masa. Ladansa liyang 200 ne, daidai da abin da fatake suka haɗa wa Zhou Jin. A nan hazaƙa ta zama haja, talaka ke da ita, mai kuɗi ya saya. Daga ranar nan halinsa ya yi ta ruɓewa, har ya ƙi zuwa kurkuku gaida dillalin da ya yi masa aure, wai don kada sunansa ya ɓaci.

Inda littafin ya yi rauni shi ne wajen mutanen da ya kafa su zama abin koyi. Babbansu Du Shaoqing ne, wanda masu nazari suka yarda hoton marubucin ne da kansa. Ɗan babban gida ne, yana rabon azurfa ga duk wanda ya zo da kuka, ya ƙaura zuwa Nanjin, da aka kira shi fada ya yi ƙaryar ciwo. Haka Wu Jingzi ya yi: kakan ubansa ya zo na 3 a jarrabawar fada ta 1658, kuma cikin 'yan'uwa biyar na wannan tsara huɗu sun zama jinshi. Shi kansa bai wuce hawan farko ba, ya ɓatar da gadonsa, ya koma Nanjin 1733, bai kuma zauna jarrabawa ta musamman da aka gabatar da sunansa a 1736 ba. Marubucin yana so a ga ƙin nan na Du Shaoqing a matsayin tsarkin zuciya. Amma raina jarrabawa ma sai da abin hannu, kuma Fan Jin, da kazarsa a hammata, ba shi da halin raina ta. Idon da ya ga farashin shiga zaure sarai bai ga farashin ƙin shiga ba, watakila don marubucin daga aljihun kakanninsa ya biya. Ya yi ƙoƙarin toshe wannan gurbi da Wang Mian na babin farko, makiyayin ɓauna da ya koya wa kansa zane, da kuma talakawa huɗu na babi na 55, waɗanda ɗayansu tela ne mai kaɗa molo. Waɗannan kuwa ba su da jini a jika kamar mahauci Hu, an zana su ne don a yi wa'azi da su, kuma mai karatu ya kan manta da su kafin ya rufe littafin. Akwai kuma koken da aka saba yi, cewa labarin ba shi da gwarzo guda, mutum ya fito babi biyu ko uku ya ɓace. Wannan ba aibi ba ne sosai, tun da ya ke jarrabawar ce ke ɗaure su duka.

Wurin da marubucin ya fi kusa da ganin gadon da ba na azurfa ba shi ne labarin 'yar malam Lu, wani babban jami'in fada da ba shi da ɗa namiji. Tun tana da shekara 5 ko 6 ya ɗauko mata malami, ta haddace insha'i fiye da 3,000, teburin adonta cike da takardun jarrabawa, ga shi kuwa doka ba za ta bar ta ta taka zaure ba har abada. Aka aurar da ita ga wani saurayi ɗan babban gida mai son waƙa, wanda ya raina insha'i mai ƙafa takwas, ta yi baƙin ciki kamar an yi mata mutuwa. Da ta fid da rai da mijin sai ta juya kan ɗanta. A babi na 13 yaron yana da shekara 4, tana tsare shi a ɗaki kowace rana tana biya masa littattafan Kwanfushiyas, in bai iya hadda ba ta hana shi barci har gari ya waye, mijin kuwa a tura shi ya kwana a ɗakin karatu.